Saƙon da Ya Ƙi Tsayawa: Yadda Ciwon Daji Ke Farawa a Jikin Mutum

 Ina gaida iyayenmu maza da mata na cikin garin Zuru, da na Dabai da Ribah da Wasagu, da mutanen Mahuta da Dirin Daji, da duk wanda muryata ta iske a gona, ko a bakin kasuwa, ko a gadon asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Manomi yana cikin noma, fartanya ta kufce ta sare shi a ƙafa. Ya wanke, ya ɗaure da ƙyalle. Bayan mako biyu ko uku nama ya ciko, fata ta haɗe, sai tabo. Mun saba da wannan har ba ma tambaya. Amma fatar da ke gefen raunin nan ta yi shekaru tana zaune lafiya, wa ya ce mata ta tashi ta hayayyafa? Da ramin ya cike kuma, wa ya ce mata ya isa haka? Da babu mai tsayar da ita, da nama ya yi ta tohowa har ya zama ƙari. A cikin amsar tambayoyin nan biyu asalin ciwon daji yake, kuma a kansu za mu yi zaman yau.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ɗakin gwaji. Babban mutum yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30. Kowace ɗaya tana da rai, tana ci, tana iya rabuwa ta zama biyu, amma ba ta rabuwa don ganin damarta, sai an aiko mata. Masu kai saƙon da masu karɓa da masu isarwa yawancinsu furotin ne. Wanda muke ci a wake da nama da kifi, jiki yakan narkar da shi ya ƙera nasa, iri dubbai, kowanne da aikinsa.

Mutumin ƙasar Zuru ba sai an koya masa yadda saƙo ke tafiya ba. In fada ta ce a fito gyaran hanya, magana takan sauka wurin hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, mai unguwa ya sa a yi shela. In aiki ya ƙare kowa ya koma gidansa. Haka abin yake a wurin raunin nan. Ƙwayoyin jinin da suka daskare a wurin sukan saki wani furotin, shi ne ɗan aike. Ya je ya dafe a jikin wani da ke tsaye a bangon ƙwayar fata, rabinsa a waje rabinsa a ciki, wannan shi ne mai karɓa. Mai karɓa ya taɓa na kusa da shi, na kusa ya taɓa na gaba, har magana ta kai tsakiyar ƙwayar, inda rubutun gado yake, wanda masana ke kira DNA. Nan ake ba da izinin rabuwa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kowane ɗaya cikin masu isarwar, da ya faɗi saƙonsa, yakan yi shiru da kansa.

Cikinsu akwai wani ƙarami mai suna Ras, yana manne da bango ta ciki. In saƙo ya zo sai ya kama wani sinadari da ake kira GTP, kuma muddin yana riƙe da shi, cewa yake a hayayyafa. Ba da jimawa ba sai ya gutsure wani ɓangare na sinadarin, ya koma shiru. A shekarar 1982, ɗakunan bincike uku a Amurka, na Robert Weinberg da na Michael Wigler da na Mariano Barbacid, suka duba ƙwayoyin da aka samo daga ciwon dajin mafitsara, suka tarar harafi ɗaya tak ne ya canza a rubutun da ake ƙera Ras da shi. Harafi ɗaya cikin biliyan 3. Wannan canji ya sa Ras ya kasa gutsure sinadarin. Ga dagaci nan ya kafe a bakin ƙofa yana ta faɗin a fito aiki, dare da rana, alhali fada ba ta aiko kowa ba. Ƙwayar ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, ba tsayawa. A yau an san cewa kimanin ɗaya cikin biyar na masu ciwon daji a duniya akwai irin wannan lahani a Ras ɗinsu, ya kuma fi yawa a dajin babban hanji, da na huhu, da na sashen nan na bayan tumbi da ke yin insulin.

Bari in ɗan ratse zuwa wata cuta da ba wanda zai ce bai santa ba, wato kwalara, cutar amai da gudawa. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihar Kebbi ba ta tsira ba. Duk wanda ya yi jinyar mai ita ya ga yadda mutum ƙaƙƙarfa ke zubewa cikin wuni ɗaya, ido ya faɗa, fata ta yi yaushi, in ka tsunkule ta ba ta komawa. Ƙwayar cutar ba ta cin hanji, ba ta ma shiga jini. Dafi take saki, dafin ya shiga ƙwayoyin hanji ya nemi wani ɗan'uwan Ras, mai aiki da GTP kamarsa, ya hana shi yin shiru. Saƙon da wannan ke kaiwa shi ne a buɗe ƙofar gishiri. Gishiri ya kwarara cikin hanji, ruwa ya bi shi, har mai tsanani yakan zubar da kusan lita guda cikin awa. Ruwan gishiri da sukari yana ceto ne saboda akwai wata ƙofar dabam da dafin bai taɓa ba, wadda ke shigar da gishiri in ya zo tare da sukari, ruwa kuma ya biyo su ya koma jiki.

Ciwon suga na manya kuwa ta ɗaya gefen ya ɓullo. Insulin ya zo da saƙon a buɗe wa suga ya shiga, masu isarwa a ciki sun yi nauyin ji, suga ya taru a jini. Rage ƙiba da motsa jiki suna dawo musu da wani abu na jinsu, shi ya sa likita ke nanata su.

To me ya sa mai amai da gudawa ke miƙewa cikin 'yan kwanaki in an riƙe shi da ruwa, mai daji kuwa ba ya warkewa da kansa? Dafin kwalara furotin ya lalata, bai taɓa rubutu ba. Ƙwayoyin hanji kuma sabuntawa suke cikin kwanaki kaɗan, sababbin su zo lafiyayyu. A ciwon daji rubutun ne ya lalace, don haka duk 'yar da ƙwayar ta haifa da lahanin take zuwa. Wannan ya nuna mana cewa daji ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba wani tsutsa ne da aka tura wa mutum ba. Naman jikinsa ne. Ba a ɗaukarsa ta kwanon abinci ko ta zama ɗaki ɗaya, saboda haka masu ware wa mara lafiya kwano da tabarma, don Allah su bari, kaɗaicin da suke ƙara masa ciwo ne na biyu.

Me ke lalata rubutun? Wani lokaci kuskuren kwafa ne kawai, domin duk rabuwa sai an kwafe haruffan nan gaba ɗaya, shi ya sa ciwon ya fi yawa a masu shekaru. Hayaƙin taba na lalata shi. Wanda ake gada daga iyaye kaɗan ne, kamar 5 zuwa 10 cikin 100. Kuma kuskure ɗaya ba ya isa, sai sun taru, sau da yawa cikin shekaru masu tsawo, saboda Allah ya sanya wa ƙwaya masu tsawatarwa. Babbansu shi ne p53, wanda aka gano a 1979. In rubutu ya lalace shi ke cewa a dakata a gyara, in kuma ba zai gyaru ba ya umarci ƙwayar ta mutu don sauran jiki ya tsira. A kusan rabin ciwon dajin ɗan Adam, an tarar p53 ya lalace.

Nan maganar ta shigo rumbunmu. Ku leƙa kowane gida bayan kaka, lokacin ɓarar gyaɗa. Uwar gida tana zaune da faifai, tana ware ƙosassu na kai wa kasuwa, tana ture motsattsu da tsagaggu da masu baƙi-baƙi ko kore-kore gefe guda. Ina na gefen nan suke zuwa? Yara su yi ta tsinta suna ci, saura a soya a yi ƙuli-ƙuli, ko a daka a zuba a miya, ko a watsa wa awaki. Wannan abu yana ci mini rai, domin a waɗannan ne dafin ya fi taruwa. Wata fumfuna ce da ke kama gyaɗa da masara, tana son ɗumi da laima, tana fitar da dafi mai suna afalatoksin. An gano shi bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Birazil. Suya da dahuwa ba sa kashe shi, kuma saniya ko akuyar da ta ci yakan fito a nononta. A 1991 masu bincike suka duba dajin hanta na mutanen wani yanki na ƙasar Sin da na kudancin Afirka, suka ga wani abin mamaki: a da yawa daga cikinsu rubutun p53 ya lalace a wuri guda, gurbi na 249. Daga baya aka ga haka a Gambiya. Dafin ne ke maƙalewa daidai wurin a cikin hanta.

Shi kaɗai yana da illa, amma in ya haɗu da ciwon hanta nau'in B hatsarin yakan ninka sau da yawa, kuma kusan 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar, akasarinsu ba su sani ba. Shi ya sa a yankinmu na Afirka ta Yamma dajin hanta ke kama namiji yana da shekara 30 ko 40, yana tsakiyar ƙarfinsa: ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, rama, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. In ya kai nan, abin da likita zai iya yi kaɗan ne. Aikin yana can baya. A shanya gyaɗa da masara a kan tamfol ko daɓe, ba a ƙasa ba, a bar su su bushe ƙayau kafin a ɗura. A ɗora buhuna kan katako, nesa da bango. Wanda aka ware don lalacewa a binne shi ko a ƙone. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta yin dafi, a watsa a gona mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, ita ta riga mai dafin kama wuri. Tun da Allah ya ba mu Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru, ina fatan malamanta da ɗalibanta su kai wannan ilimi har ƙauyuka. Jariri kuma a kai shi a yi masa allurar hanta cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haife shi. Kyauta ce.

Dajin bakin mahaifa ma ta kan p53 yake bi. Ƙwayar cutar HPV tana ƙera wani furotin da ke kama p53 ya sa a rushe shi. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, kuma allurar ba ta hana haihuwa, ko wa ya faɗa muku haka. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara, ta daɗe tana wannan kira a jihar nan ta gidauniyarta ta Medicaid, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya, UICC.

Yanzu ga wanda ciwon ya riga ya kama, sanin wane furotin ne ya lalace yana da wani amfani? Ku saurari wannan. Mutum ne mai shekara 40 da wani abu, ya fara gajiya, yana gumi da dare, in ya ci loma kaɗan sai ya ji ya ƙoshi. Ya shafa ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu ya ji abu mai tauri. A ce saifa ce, a kai shi wurin wanzami a yi tsaga. Da an ɗebi jininsa an ƙirga, da an ga fararen ƙwayoyin jini, waɗanda a lafiyayye ba sa wuce 11,000 a ma'aunin da ake yi, sun haura 100,000. Wannan wani nau'in sankarar jini ne, likitoci na ce masa CML. Rubutun gado an ƙunshe shi ƙunshi 46, biyu-biyu. A 1960, a birnin Filadalfiya, Peter Nowell da David Hungerford suka lura cewa ɗaya daga cikin ƙunsoshin masu wannan ciwo ya yi gajarta. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta gano dalili: na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar guntaye. A wurin da suka haɗe sai aka samu sabon furotin, BCR-ABL, wanda bai san shiru ba sam, yana ta umartar ɓargo ya zubo fararen ƙwayoyi.

Da aka san mai laifin, sai aka ƙera maganin da zai shiga daidai aljihun da yake amfani da shi ya toshe. Sunansa imatinib, an amince da shi a 2001, Brian Druker ne ya jagoranci gwajinsa. Ƙwaya ce ake haɗiya kullum. Ciwon da a da yake kashe yawanci cikin 'yan shekaru, a babban gwajin maganin fiye da 8 cikin 10 suna raye bayan shekara 10. Tun 2003 aka fara ba da shi kyauta a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, mutane suka riƙa tafiya daga ko'ina a ƙasar nan suna karɓa. Sharaɗinsa ɗaya, kada a daina sha don an ji sauƙi, domin rufe bakin furotin ɗin yake yi, ba ya goge rubutun. Ras kuwa ya ba masana wuya kusan shekara 40, sai 2021 aka samu maganin farko, shi ma nau'i ɗaya na lahanin yake kamawa.

Sankarar mama ita ce ta fi yawa a matanmu, kuma ba iri ɗaya ba ce. Mata uku za su zo da ƙullutu mai kama ɗaya, amma abin da ke tura shi dabam. A wata, masu karɓar saƙo ne suka yi yawa. Akwai wanda ake kira HER2: lafiyayyar ƙwaya tana da kimanin 20,000 a bangonta, mai ciwon tana iya kaiwa miliyan 2, sai cunkoso ya sa su yi ta tayar da juna ba tare da ɗan aike ya zo ba. Dennis Slamon ne ya nuna haka a 1987, kusan ɗaya cikin biyar na masu ciwon ke nan, kuma tun 1998 akwai allurar trastuzumab da ke kama su. A wata kuma ƙarin yana rayuwa ne da sinadarin mata na jiki, wannan akwai ƙwayar tamoxifen mai sauƙin kuɗi, a sha shekara 5 ko fiye. A ta uku babu ko ɗaya daga cikinsu, sai a koma ga ƙarin ruwan kansa da aiki da gashi. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Shikago, ya nuna wannan na ukun ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa.

Babu likitan da zai gane wanne ne da ido ko da shafawa. Sai an sa allura an ɗebo ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Nan kuwa muke karo da maganar da kowa ya taɓa ji, wai daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Na san inda maganar ta samo ƙarfi. Baiwar Allah ta ji ƙullutu, ba zafi, ta yi shiru don kunya da tsoro. Aka yi wata shida ana shafe-shafe da turare, aka ƙara wata shida, sai da ya fashe yana wari aka ɗauke ta zuwa asibiti. Aka ɗebi nama, bayan wata biyu ta rasu, sai mutane suka ce allurar ce. Alhali tun kafin ta taka ƙofar asibitin ƙwayoyin sun riga sun bi jini sun sauka a huhu da ƙashi da hanta. Shekarar da ta yi a gida ce ta ba ciwon dama. Mafi yawan matanmu a makare suke zuwa, shi ya sa mafi yawan labarin da muke ji na mutuwa ne, wanda ke ƙara tsoratar da ta gaba.

Ba na ɓoye muku cewa kuɗi na da nauyi a wannan tafiya, trastuzumab ya fi ƙarfin talaka. Gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu kansa a 2021, asibitin koyarwa na Shika a Zariya na cikin na farko, don haka a tambaya. Kuma ƙullutun da aka cire yana ƙarami ya fi araha nesa ba kusa ba a kan wanda ya fashe. Maigida, a yawancin gidajenmu izini da kuɗin mota a hannunka suke. In iyalinka ta ce ta ji wani abu a mama, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko tana ganin jini bayan kwanciyar aure ko bayan ta daina al'ada, kada ka ce a bari sai an sayar da amfanin gona. Ka kai ta babban asibitin Zuru a wannan makon. Yawancin ƙullutun mama ma ba daji ba ne, gwajin ne zai kwantar muku da hankali. In an tura ku Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Shika, ku je. Sakamakon nama yakan ɗauki 'yan makonni, ku koma ku karɓa, ku ajiye kwafin takardar a hannunku. Kafin a fara kowane magani kuma, ku tambayi likita kai tsaye: wane iri ne, an gwada HER2, an gwada ko yana bin sinadarin mata? Haƙƙinku ne a amsa muku da harshen da kuke ji.